Akun Tsibiri da Gashin Lefe

Ku gyara zama, na baya ya matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ga ta ta iso, ƙafarta da laka, don daga bakin ruwa ta fito.

Wani gari ne na masunta a bakin wani babban tafki. Can tsakiyar tafkin akwai tsibiri. In gari ya yi wasai sai ka hango shi kamar an kife ƙwarya a kan ruwa. A tsibirin nan akwai wani irin aku da babu shi ko'ina a duniya sai can.

Mutanen garin suna da al'adarsu. Ba a karɓar lefe sai da gashin wutsiyar akun nan guda ɗaya a saman kaya. Ango da kansa zai tuƙa jirgi ya je, ya tsinto gashin a ƙasa inda iska ta yar da shi. Tsinta aka ce, ba ɗauka ba. Mata kuwa ba sa taka tsibirin. Su nasu karɓa ne, su naɗe a ƙyalle su sa a ƙasan adudu.

Ana nan ana nan, sai gashi ya fara wuya. Sai ya ɓace gaba ɗaya. Shekara talatin ba wanda ya kawo sabo. Sai dattawa suka zauna suka sassauta, suka ce to, ɗa ya kai na uwarsa. Dangin amarya su gani, a mayar wa tsohuwa abinta. Haka gashi ɗaya zai auro uwa, ya auro matan 'ya'yanta, har ya koɗe ya koma kamar tsinken tsintsiya. Amma fa ba a aro daga wani gida.

Sarkin Ruwan garin, Barmo, yana da 'yar auta mai suna Tasalla. Yarinya ce mai shiru-shiru, ba ka jin muryarta sai in tana gyaran taru ita kaɗai. Akwai kuma wani saurayi, Makau, mai sassaƙa jirage. Uwarsa baƙuwa ce, can wani gari mai nisa ubansa ya auro ta, ba ta san wani gashi ba. Iyayen nasa duka biyun kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Hanyar mashaya biyu ce, gajera da doguwa. Tasalla doguwar take bi, don ta nan Makau yake sassaƙa. Sai ya ce, "Sannu da ɗiban ruwa." Sai ta ce, "Sannu da aiki." Shi ke nan. Shekara biyu ba su ƙara a kan haka ba. Rannan sai ya ajiye wani ɗan filafili na tuƙa jirgi a bakin hanya, ya juya baya kamar bai san da shi ba. Ta ɗauka. Sai ta ji mariƙinsa ya zauna a tafinta daidai, kamar an gwada. Da ido ya auna hannun.

Sai Makau ya tura kawunsa wajen Sarkin Ruwa.

Sarkin Ruwa ya ce, "Yaron kirki ne, ban ƙi shi ba. Ina gashi?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san uwarsa baƙuwa ce."

Ya ce, "Na sani. Amma in ni na karya, wa zai riƙe? Na ba shi daga yau har ruwa ya janye daga gindin tsamiyar mashaya. In ya kawo, Auta tasa ce. In bai kawo ba, kada a sake tayar mini da maganar."

Sai Makau ya ɗauki igiya da ƙugiya ya tafi tsibiri. Ya dawo da ƙaya a ƙafa. Ya sake komawa, ya dawo da zazzaɓi. Ya koma na uku, ya dawo ba komai, ko ƙayar ma babu.

Sai ya tare Tasalla a mashaya. Ya ce, "Ba tsuntsu a can, Tasalla. Ko kukansa ban ji ba."

Ta ce, "To yaya za a yi?"

Ya ce, "Dubi tsamiya. Saura taku uku ruwa ya bar ta. Ranar da ya bar ta zan ɗaure gizagona in bi kogi. Ba zan iya zama a garin nan in ga an shiga gidanku da lefen wani ba."

Ta ɗauki tulunta, rabinsa ma ba ruwa, ta koma gida.

Gari na wayewa sai ta ƙulle ƙuli-ƙuli da gyaɗa a gefen zane, ta ɗauki ƙoƙo da filafilinta. Tana fitowa sai ga uwarta, Inna Yelwa, a bakin madafi. Suka kalli juna. Inna ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙullin ƙuli-ƙulin, ta danƙa mata. Ta ce, "Ni dai ban gan ki ba. Ki bi ta gefen ciyawa, tsakiya da igiyar ruwa."

Sai Tasalla ta tura ƙaramin jirgi ta shiga. Tana tuƙi, tana tuƙi, sai ga Dorina ta ɓullo fuu.

Dorina ta ce, "Ke 'yar mutane, ina za ki a cikin wannan ɓawon gyaɗa?"

Ta ce, "Sannu Iya. Akun tsibiri nake nema."

Ta ce, "Aku? Ai na san shi sarai. Kore ne shar, ƙato kamar zakara."

"Kin gan shi, Iya?"

"Kakata ta gan shi. Ni ba na zuwa can, lakar wajen ba daɗi."

Ta yi godiya ta wuce. Tana tuƙi, tana tuƙi, sai ga Balbela a kan tarin ciyawa.

Ta ce, "Sannu Gwaggo. An ce akun tsibiri kore ne, ƙato kamar zakara."

Balbela ta kwashe da dariya. Ta ce, "Dorina ce ta gaya miki, ko? Wadda ba ta ganin ko hancinta! Ja ne wur, ɗan mitsitsi kamar kurciya."

"Kin gan shi, Gwaggo?"

"Wata ƙawar uwata ta ji daga wanda ya gani. Ai duk ɗaya ne."

Ta yi godiya ta wuce. Rana ta take tsaka sai jirgi ya daki yashi. Ga Kunkuru yana shan hantsin da ya wuce shi tun ɗazu.

Ta ce, "Sannu Baba. Akun nan, kore ne ko ja?"

Kunkuru ya ce, "Ba kore ba ne, ba ja ba ne. Ba a taɓa yin sa ba. Shekarata ɗari a tsibirin nan ban gan shi ba."

Ta ce, "Baba, ka taɓa ɗaga kai sama?"

Ya ce, "In ɗaga in nemi me? Abincina a ƙasa yake."

Sai ta ɗaure jirgi ta shiga cikin itatuwa. Ba ta yi nisa ba sai ga Hankaka ya diro gabanta, yana gyara farin ƙirjinsa kamar mai shirin zuwa suna. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ne ya jawo shi.

Ya ce, "Maraba da 'yar Sarki! Na san damuwarki, kuma maganinta na hannuna." Sai ya zaro wani gashi daga ƙarƙashin fiffike. Ya ce, "Na zabo ne, na tsoma shi a ruwan ganye. Ki ba ni ƙullin nan ki tafi da shi. Wa ya san launin na gaskiya? Wannan ta ce kore, waccan ta ce ja, na garinku duk sun koɗe. Ba mai ganewa."

Tasalla ta dubi gashin. Ta ce, "Ni zan gane. Kullum na buɗe adudu zan gane."

Ya ce, "Kai, mutane! A kawo musu sauƙi su ce wuya suke so."

Ta jefa masa ƙuli-ƙuli ɗaya duk da haka, ta ci gaba.

Ta zaga gabas, ta zaga yamma, idonta a ƙasa. Ba gashi. Da ta gaji sai ta zauna a gindin wani tsohon ɓaure, ta kwance ƙulli, tana ci hawaye na zuba.

Sai ta ji murya daga sama, a dishe, an ce, "Wane ne wannan yake cin abu ƙurus-ƙurus ba tayi?"

Ta ɗaga kai. Sai ga wani kai ya leƙo daga kogon ɓauren. Tsuntsu ne, bayansa launin shuni kamar rinin da ya sha bugu, ƙirjinsa kamar gwaiduwar ƙwai. Amma ya tsufa tukuf. Kansa ya yi sanƙo, wutsiyarsa ta zube kaf.

Ta ce, "Kaka, bismilla."

Ya karkata kai ya dube ta da ido ɗaya. Ya ce, "Shekara da shekaru masu igiya da ƙugiya ke zuwa. Da na ji takunsu sai in shige ciki in yi lamo. Yau kuma ga wani irin mutum ba igiya, sai kuka da ciye-ciye."

Ta ce, "Ni mace ce, Kaka."

Ya ce, "Au! Ku ne matan? Ku ake yi wa duk wannan wahala? To hawo in gan ki da kyau, amaryata."

Ta yi dariya da hawayenta. Ta ce, "Ni ba na auren mai sanƙo."

Ya ce, "Haka kakarki, matata, ta ce da farko."

Sai ta hau, don rassan ɓauren a ƙasa suke. Ta miƙa masa ƙuli-ƙuli, ya kasa fasawa, bakinsa ya cinye. Sai ta sauka ta jiƙa a ƙoƙo, ta hawo ta riƙa ba shi da yatsa. Yana ci sai ya ɗan gusa. Sai ta ga abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙwai ne guda ɗaya, ya bushe ya yi toka-toka. A kansa kuwa ga wani dogon gashi, shuɗi, bakinsa ruwan zinariya, yana sheƙi kamar jiya aka ajiye shi.

Ta kawar da ido.

Aku ya ce, "Na ga kin gani. Na kuma san abin da ya kawo ki. Da nawa ne da na ba ki, amaryata, don kin ciyar da ni. Amma nawa sun zube tuntuni, iska ta kai su ruwa. Wannan na matata ne. Ba a kyauta da kayan wani."

Ta ce, "Ina take, Kaka? Ina sauran danginka?"

Ya ce, "Ni kaɗai na rage. Zauna ki ji. Mu dogon gashin nan sau ɗaya yake fito mana a shekara. In mace ta yi ƙwai, sai miji ya cire nasa, ita ma ta cire nata, mu gicciya su a kan ƙwan. Iskar tafki tana da sanyi, mu kuwa ba ma fita kiwo sai tare, don miji ba ya iya ci sai matarsa na kusa. Gashin biyu ke riƙe wa ƙwai ɗumi har mu dawo. In ɗa ya ƙyanƙyashe ya tashi, sai mu ture gashin waje, iska ta kai ƙasa. Shi kakanninku suke tsinta. Suna jira wata guda kacal. Daga baya sai angwaye suka ga wata guda ya yi musu tsawo. Suka kuma ga na cikin sheƙa ya fi sheƙi. Sai suka fara zuwa da igiya."

Ta ce, "Suka kashe ku?"

Ya ce, "Ko ɗaya. Ba wanda ya taɓa jifan mu, ba wanda ya ɗana mana tarko. Har haƙuri suke ba mu. Kowa ya ce ɗaya kawai zai ɗauka. Amma gashi ɗaya ba ya rufe ƙwai."

Sai ya sunkuyar da kai a kan ƙwan ya rera, a hankali:

"Ga nawa, ina naki?
Mu rufa wa ɗa sanyi."

Sai ya sauya murya, ta koma siririya, ta mace:

"Ga nawa a kan naka,
Iska ki bi ta gefe."

Ya ce, "Muryarta ke nan. Ni nake yi mata nata yanzu."

Kashegari da hantsi Aku ya ce zai sauka shan ruwa. Ba ya iya tashi, sai dai ya bi reshe da baki da ƙafa, ya huta, ya ci gaba. Tasalla ta zauna a bakin kogo. Yana ɓacewa cikin ciyawa sai ga Hankaka.

Ya ce, "'Yar Sarki, ga ki ga gashi, ba kowa. Miƙa hannu kawai. Tsohon nan ido ɗaya gare shi, sai ya kwana uku bai lura ba. Ni ko ladan shawara ba na so, kogon kawai nake jira."

Ta tuna tsamiya. Ta tuna gizago a ɗaure. Sai hannunta ya tafi da kansa, har yatsunta suka taɓa gashin. Sai ta ji shi da ɗumi. Ɗumin jikin tsohon ne bai huce ba.

Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Ta sauka da gudu, ta tarar da Aku bai kai rabin hanya ba, yana haki. Ta ɗora shi a kafaɗa ta kai shi bakin ruwa, ya sha, ta dawo da shi, ta cika masa ƙoƙo ta ajiye a bakin kogo.

Ya leƙa sheƙarsa. Ya dube ta.

Can sai ya ce, "Kin san mu ba ma manta murya. Duk wanda ya hau itacen nan, maganarsa na nan a bakina. Bari ki ji na ƙarshensu, wanda ya ɗauki nawa."

Sai ya buɗe baki, muryar wani saurayi ta fito, tana rawa:

"Tsuntsu, ka yafe mini. Jibi za a kai lefen Yelwa, na zaga tsibirin nan sau uku ban tsinci komai ba. Ɗaya kawai zan ɗauka, na bar maka ɗaya."

Tasalla ta riƙe reshe gam. Muryar ba furfura a cikinta, amma ta san ta tun tana goye.

Ta ce, "Kaka, ubana ne."

Aku ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ashe. Da na sani da ban yi ba."

Ta ce, "Sai me ya faru?"

Ya ce, "Muna kan reshen can muna kallo. Da ya sauka muka taɓa ƙwan, muka ji da sauran ɗumi. Amma yunwa ta fitar da mu da yamma, muka dawo ya yi sanyi. Shi ne ƙwai na ƙarshe a tsibirin nan. Matata ta kwanta a kansa ta ƙi tashi. In ce mata taso, ta ce saura kaɗan. Damina ta zo ta wuce tana cewa saura kaɗan. Har ta mutu a kansa." Ya numfasa. "Ita Yelwar, ya riƙe ta da kyau?"

Ta ce, "Bai taɓa ɗaga mata murya ba."

Ya ce, "To madalla. Gashina bai tafi a banza ba gaba ɗaya."

Rana ta uku Aku bai iya cin ko jiƙaƙƙen ƙuli-ƙuli ba. Ruwa kawai ya kurɓa. Amma bakinsa bai mutu ba.

Ya ce, "Amaryata, wane ne ya ƙwace mini ke? Faɗi sunansa."

Ta rufe fuska da gefen zane. Ta ce, "Wani ne, mai sassaƙa."

"Mai sassaƙa ba suna ba ne."

"Kai Kaka!"

"Faɗa mini. Ba inda zan kai shi."

Sai ta faɗa, can ƙasa-ƙasa. Sai Aku ya maimaita da muryarta sak, "Makau." Ta ji yadda sunan yake fita daga bakinta, abin da ba ta taɓa ji ba. Kunya ta kama ta har ta kusa faɗowa daga reshe. Tsoho ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Da ya lafa sai ya ce, "Yi mini alfarma ɗaya. Na gaji da yin murya biyu."

Sai ya ɗora kansa a kan gashin ya rera:

"Ga nawa, ina naki?
Mu rufa wa ɗa sanyi."

Sai Tasalla ta amsa:

"Ga nawa a kan naka,
Iska ki bi ta gefe."

Ya lumshe ido. Ta jira ya sake farawa. Bai sake ba.

Ta daɗe a zaune. Sai ga Hankaka, ya sauka a hankali kamar mai ta'aziyya. Ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho. To 'yar Sarki, yanzu fa? Matacce ba shi da kaya. Ɗaga kan nan kaɗan ki zare. Ki samu miji, in samu ɗaki, kowa ya huta."

Ta dubi gashin. Gaskiya ne, ba mai hana ta. Amma kan tsohon yana kansa, kamar mai barci a cinyar matarsa.

Sai ta sauka bakin ruwa ta kwaɓa laka. Ta yi ta jido ta a ƙoƙo, tana hawa tana sauka, har ta liƙe bakin kogon ruf, ta shafe shi sumul kamar yadda ake yaɓen ɗaki.

Hankaka ya yi tsalle. Ya ce, "Kin yi asarar miji, kin sa na yi asarar gida! Ban taɓa ganin wawiya irinki ba!" Ya tashi yana ta zage-zage har muryarsa ta dishe.

Ita kuwa ta shiga jirgi hannu wofi. Da ta iso mashaya sai ta ga ruwa ya bar gindin tsamiya, ƙasa har ta fara tsagewa. Ga Makau ya ɗaure kayansa yana sawa a jirgi.

Ya dubi hannunta. Ta buɗe masa tafi, laka kawai.

Ta ce, "Na gan shi. Na ga gashin kuma. Ban ɗauko ba."

Ya ce, "Don me?"

Ta ce, "Ba nawa ba ne. Ka jira ni zuwa la'asar. In ban aiko ba, ka tafi, Allah ya kiyaye hanya."

Ta shiga gida. Sarkin Ruwa na zaune a tsakar gida, fuska a murtuke, Inna Yelwa na gefe tana tsince shinkafa. Tasalla ta durƙusa.

Ya ce, "Auta, kwana uku! Tsibirin da mace ba ta takawa? Ina abin da kika samo?"

Ta ce, "Baba, ban samo gashi ba. Saƙo na samo. Ka gafarce ni, ba maganata ba ce, yadda aka ba ni zan faɗa."

Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Tsuntsu, ka yafe mini. Jibi za a kai lefen Yelwa, na zaga tsibirin nan sau uku ban tsinci komai ba. Ɗaya kawai zan ɗauka, na bar maka ɗaya."

Faifan shinkafa ya tsaya a hannun Inna. Sarkin Ruwa ya zuba wa 'yarsa ido. Maganar nan bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa.

Sai Tasalla ta ba su labari duka, na ƙwan da na matar da ke cewa saura kaɗan. Ta ce, "Ya tambaya ko ka riƙe Inna da kyau. Na ce masa e. Ya ce madalla."

Nan ne hawaye suka zubo wa Sarkin Ruwa, suka bi gemunsa.

Inna Yelwa ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da ƙyalle a naɗe, ta ajiye gabansa. Ta ce, "Maigida, shekara talatin da ɗoriya ina alfahari da abin nan. Ashe bargon jariri aka yaye aka kawo mini. Ka kai ni in mayar."

Ya daɗe yana kallon ƙyallen. Sai ya ce, "A kira mini dattawa. A kira mini yaron nan kuma, kafin ya kwance jirgi."

Da aka taru sai ya miƙe ya ce, "Jama'a, al'ada ta ce tsinta. Ni ban tsinta ba, hawa na yi na ɗauka. In al'ada za ta hana Makau aure, ni za ta fara rabawa da matata. Wanda ya san nasa a ƙasa ya same shi, ya tashi ya yi magana."

Wannan tsoho ya dubi ƙasa, wancan ya kama gyaran hula. Ba wanda ya tashi.

Kashegari Makau ya tura babban jirgin da ya sassaƙa. Inna Yelwa ta shiga da ƙyallenta. Sai ga wata tsohuwa da nata. Sai ga wata. Kafin a tashi jirgi ya cika da mata, kowace da ɗan ƙulli a hannu, har sai da aka yi sawu uku. Tasalla ta hau ɓaure ta ɗan fasa lakar. Inna ta miƙo mata gashin, ta gicciya shi a kan na matar, ta sake liƙewa. Sauran matan suka haƙa rami a gindin itacen suka binne nasu, ba a bar ko tsinke ba.

Bayan kwana bakwai aka shiga gidan Sarkin Ruwa da lefen Makau, samansa ba komai sai zannuwa, aka kuwa karɓa da guɗa. Ranar da aka kai amarya, da mutane suka watse, sai ya ce mata, "Sannu da zuwa." Ta ce, "Sannu, Makau." Karo na farko ke nan da ya ji sunansa a bakinta. Ya ce ta sake faɗa. Ta ƙi.

Shi ya sa yau ba za ku sami gashin akun nan a adudun kowa ba, ba ƙashi, ba ɓawon ƙwai. In baƙo ya ce ƙarya ne, ba ku da abin nuna masa. Abin da ya rage kawai shi ne a kiyaye: abin da ake ƙauna ba a yi masa gaggawa. Ku jira ya faɗo da kansa. Wanda ya ce ɗaya kawai zai ɗauka, ya tuna bayansa akwai ɗari masu faɗin haka.

Ƙurunƙus, kan ɗan tarwaɗa. Tatsuniya ta koma ruwa, mai son ta ya bi ta da filafili.